Auren Ta Fadama da Farin Dutse

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce ina tsugune a ƙarƙashin rumfa ina aurar da fure, sai ga 'yan mata uku sun yi sallama, ɗiyar maƙwabcinmu da ƙawayenta na Islamiyya. Suka tsaya a kaina har na gama. Aikin duka bai kai tsawon alwala ba. Na sa tsinin ƙaya na ɗauko abu daga wannan fure, na kai cikin wancan, na rufe, na ɗaure. Sai babbarsu ta ce, "Umma, shi ke nan sana'ar? Wallahi ko yanzu aka ba ni ƙayar sai in yi." Na ce shi ke nan, sai dai ki dawo bayan shekara biyar ki ga ko kin yi daidai. Suka fashe da dariya, a zatonsu wasa nake. Saboda su na zauna wannan rubutu, da duk wanda ya ga tukwanen nan a jere ya ɗauka aikin ban ruwa ne kawai.

Furannin da nake reno su ne waɗanda a littafi ake kira okid. Ba daga waje aka kawo su ba, 'yan dajinmu ne na Birnin Gwari. Akwai mai maƙalewa a jikin bishiya, wanda mafarauta ke ce wa murucin sama. Akwai kuma na ƙasa, masu gindi kamar albasa, da ke fitowa bayan gobarar daji idan ruwan farko ya sauka. Manomi ya sha take su bai san suna da masu nema ba. Ni ma haka nake, har aure ya kawo ni Magajin Gari na zama maƙwabciyar Mama Saratu.

Mama Saratu 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, matar wani ma'aikacin gandun daji mai suna Yakubu, wanda ya rasu tun kafin zuwana. Tana budurwa ta yi aiki a lambun wata Baturiya a Kaduna. A can ta koyi aikin, ta kuma taho da wani tsohon littafi mai hotuna wanda bangonsa ya daɗe da cirewa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, gajeriya, ina wanke-wanke ina hango ta sunkuye cikin tukwane. Wata rana ta leƙo ta ce, "Amarya, an ce kin yi sakandare. Zo ki karanta min nan wurin, rubutun ya fara gudu daga idona." Daga wannan karatu na shiga. Har na haifi 'ya'ya biyar Amarya take kirana.

Maigidana bai hana ba. Ya dai tambaya, "Ana sa shi a miya?" Na ce a'a. "Magani ne?" Na ce a'a. Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a, ke da Mama kun fi kusa."

Aikin farko da ta ba ni ba na fure ba ne, na gwangwani ne. In tara gwangwanayen lemo, in yanka su da almakashi siriri-siriri kamar yatsa, in daddale bakin kada su yanki mutum, in huda, in zura zare. A jikinsu ake rubutu da tsinin ƙusa, domin biro rana tana shanye shi, takarda kuma gara ce ke cinyewa. Na kusa shekara ban taɓa fure ba sai gwangwani. Abin da ake rubutawa kaɗan ne: sunan uwa, sai ɗan giciye, sai sunan uba, sai wata da shekara. Kowane fure Allah ya yi shi da ɓangaren mace da na namiji a jikinsa, saboda haka wanda ya ɗauki ciki shi ne uwa, wanda aka ɗauko daga gare shi kuma uba. Akwai ranar da na fara da sunan uba. Mama ta shafa rubutun da babban yatsa ta miƙo min. "Wa zai sha wahalar ciki wata biyar?" Na ce uwa. "To me ya sa kika bar ta a baya? Sake yanko wani."

A nan ne mutane ba sa ganewa. Mu ba da kama muke rarraba furanni ba, da iyaye ne. Wanda aka samo a daji yadda Allah ya halicce shi, shi ne jinsi, yana da dogon sunansa a littafi wanda ni kaɗai ke iya karantawa, yana kuma da sunan gida da muka sa masa. Akwai Ta Fadama, doguwa, mai launin malmo idan ya nuna. Akwai Ruwan Hoda, gajeriya mai faffaɗan leɓe. Akwai Zanen Damisa ta kan bishiya. Idan aka aurar da jinsi biyu daban, duk 'ya'yan da suka fito, ko goma ne ko ɗari, suna ɗaya suke amsawa, sunan zuri'a. Wanda ya fara kai su ga fure shi ke raɗa sunan. Daga nan duk wanda ya sake aurar da waɗannan jinsi biyu, a Kaduna yake ko a bayan teku, ko da ya juya uwar ta zama uba, 'ya'yan sunan nan za su ɗauka, ba shi da ikon sa wani. Kamar gida ne. Wani dogo, wani gajere, wani fari, amma duk 'ya'yan gidan wane ne. Idan ɗaya ya fita daban da kyau, sai a ƙara masa laƙabi shi kaɗai, kuma laƙabin ba ya bin iri, sai abin da aka tsago daga jikinsa.

Sai doka ta ƙarshe, wadda Mama ta fi maimaitawa. Idan ba a tabbatar da ɗaya daga cikin iyaye ba, babu suna. A rubuta "ba a sani ba". A sayar da shi a matsayin fure kawai, kuma ba a aurar da shi, domin duk abin da ya haifa zai gaji shakkar. Ta ce akwai wani ofis a ƙasar Turawa da ke ajiye sunayen nan duka. Mu ba mu taɓa aika ko ɗaya ba. Na ce to Mama, wa zai kama mu? Ta ce, "Ke da kike salla sau biyar kike tambayata?"

Ranar da ta fara ba ni ƙaya, ƙayar aduwa ce, busasshiya, doguwa. A tsakiyar furen akwai wani ɗan turke mai hula. Ana ɗaga hular da tsinin ƙaya, sai ƙwayoyi biyu rawaya su maƙalo, ba su kai ƙwayar gero ba. Da farko a cire na uwar a yar, kada ta auri kanta. Sannan a ɗauko na uban a tura su cikin wani ɗan rami mai danƙo da ke ƙarƙashin turken. Bayan haka a sa reza a yanke leɓen furen, domin a nan ƙudan zuma ke sauka. A rufe da 'yar jaka ta tsohon gidan sauro, a ɗaura gwangwani nan take. Ba a miƙewa sai an rufe. Ko maciji ne ya gitta, in ji Mama, a fara rufewa sannan a yi ihu.

Idan ya kama, cikin kwana uku furen zai yanƙwane, wuyansa ya fara kumbura. Bayan watanni ya zama kamar ƙaramar kuɓewa. Da ya soma rawaya sai a tsaga a karkaɗe irin, wanda ya fi garin tuwo laushi, numfashi ma ɗauke shi yake. A gindin uwar ake barbaɗa shi, cikin tukunyarta, domin akwai wani abu a ƙasar uwa da ke ciyar da shi, in babu shi ba ya tsirowa. Irin da ba ya ƙirguwa ne, amma idan goma suka fito sai a gode wa Allah. Daga nan sai jira. Shekarar farko kamar ciyawa, ta biyu kamar albasar da ba ta sami taki ba. Tukunyar ƙasa mai huji, yashi, gawayi, ruɓaɓɓen ganye, inuwar zana. Ruwa ya yi yawa su ruɓe, ya yi kaɗan su bushe, akuya ta shigo a koma farko.

Shiga daji shi ne ya fi komai daɗi a aikin. Bayan ruwan farko da kwana goma mukan bi matan da ke zuwa itace da ɗorawa ta wajen Gayam. Ƙasa baƙa ce daga gobara, tana ƙamshin toka da ruwa, sai ka hango Ta Fadama tsaye a tsakiyar baƙin nan ko ganye ba ta yi ba, fure kawai. Matan Fulani masu nono sukan tsaya su kalle mu muna tono da wuƙa, su ce, "Sannunku masu neman ciyawa." Ba ma tumɓuke tushe duka. Gindi ɗaya ake yanka daga baya, a shafa toka a wurin yankan, a mayar da ƙasa. Idan azahar ta yi in shimfiɗa mayafina a kan falalen dutse, Mama ta zauna gefe tana kore min ƙudaje tana waƙar coci ƙasa-ƙasa. Mu ci rogo da ƙuli, mu sha ruwan rafi. Yamma lis muke shigowa gari da kwando a ka. A lokacin ban san ƙirga mana tafiyar ake yi ba.

Masu saye iri biyu ne. Akwai wanda zai ce, "Ba ni mai ja ɗin can," kamar mai sayen atamfa. Matan coci sukan zo lokacin Ista su ɗauka don ado su dawo da tukunya. Sai kuma masu sani, irin su Malam Ɗanjuma, mai sayar da furanni a bakin titi a Kaduna, wanda kan zo da akori-kura sau biyu a shekara. Shi kafin ya kalli fure sai ya sunkuya ya karanta gwangwani. Ya ce mutanensa na Abuja suna ne suke saye, furen kyauta ce.

A cikin tukwanen Mama akwai guda da ba ta sayarwa, ba ta ma bari a matsar da ita. Farin Dutse ke nan. Jinsi ne da ba mu sami hotonsa a littafi ba, fari tas, mai ƙamshi da safe. Mijinta Yakubu ne ya hau wani dutse can cikin daji ya sauko mata da gindi ɗaya a aljihun kakinsa, kuma ba ta sake ganin irinsa a ko'ina ba. Ba ya yaɗuwa, ba ya son a taɓa shi. Burin Mama shi ne ta aurar da shi da Ta Fadama, a sami tsawonta da farinsa, ta raɗa wa zuri'ar sunan Yakubu. Matsalar ita ce shi da wuri yake fure, kafin ita ta buɗe ya gama. Shekara da shekaru suna saɓawa.

Sai wata shekara ruwa ya yi sammako, furensa na ƙarshe ya riski nata na farko. A daidai ranar aka yi rasuwa a cocinsu na Gayam. Da sassafe Mama ta leƙo ta kan katanga, ta riga ta ɗaura ɗankwali. "Amarya, yau ne. Nasa ya fara laushi, gobe ba zai yi ba. Hannuna ma rawa yake yanzu, naki ya fi. Ki yi min shi."

Da hantsi na shiga. Na cire na Ta Fadama na yar, na ɗauko na Farin Dutse, biyu, na tura su ramin, suka zauna daram. Na miƙa hannu zan ɗauki reza da jaka, sai na ga a gida na baro su, a kan turmi. A daidai lokacin na jiyo ƙaurin wake a kan wuta, ga kuma kukan autata ta faɗo daga dakali. Na ce yanzu zan dawo. Ina shiga sai ga sallamar dangin maigida daga Kutemeshi, mata huɗu da kayansu. Ruwa, gaisuwa, abinci, sai ga kiran azahar. Bayan na idar na ɗauki reza da jaka na koma.

Ina isa wani baƙin ƙudan zuma, babba, irin mai huda azara, yana fitowa daga cikin furen da baya-baya. Na durƙusa na leƙa. Ƙwayoyi huɗu ne a ramin. Ni kuwa biyu na saka. Taku biyu daga nan, tukwanen Ruwan Hoda ne a jere, duk sun buɗe.

Na san abin da ake yi. A yanke furen a yar, a faɗa wa mai lambu. Amma Farin Dutse ba shi da sauran fure, kuma na tuna fuskar Mama a kan katanga. Ƙwayoyin duk rawaya ne, duk girma ɗaya. Na ce a raina waɗanda suka zo daga baya su ne za su kasance a bakin rami. Na sa ƙaya na zaro biyu na waje na yar. Na yanke leɓe, na rufe, na rubuta da ƙusa: Ta Fadama, giciye, Farin Dutse. Da yamma Mama ta dawo ko takalmi ba ta cire ba. "An yi?" Na ce an yi. Tsohuwar nan sai da ta taka rawa a tsakar gida, tana riƙe da ƙugu. Na ce a raina baɗi in Allah ya kai mu zan sake yi da kyau, sannan in faɗa mata.

Baɗin ita ce mummunar shekarar. Ba sai na ba ku labarinta ba, kun san ta, wasunku a ita kuka baro ƙauye. 'Yan bindiga suka shigo, daji ya rufe. Gonakin nesa suka zama kufai, wanda ya je itace ba a da tabbacin dawowarsa. Hanyar Kaduna sai da rakiya, Malam Ɗanjuma ya daina zuwa. Dangin maigida na Kutemeshi suka dawo gidanmu gaba ɗaya, har rumfar furanni ta zama wurin kwana. Ruwan rijiya bai isar mutane ba balle tukwane. Na ajiye bokiti a wurin alwala, abin da ya zuba shi nake ba su, da ruwan wankin shinkafa. Wata gwaggon maigida ta ce, "Mutane na gudun rai ke kina shayar da ciyawa." Gaskiyarta ce.

A cikin wannan hali ɗan Mama ya zo daga Kaduna ya ce ba zai koma ba sai da ita. Jaka ɗaya aka yarda kowa ya ɗauka. Da safe ta tsaya a nata ɓangaren tana miƙo min tukwane ta kan katanga ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunan kowace kamar ban sani ba. Farin Dutse ne na kusa da ƙarshe, littafin ne na ƙarshe. Ta ce, "Amarya, aro na ba ki. Ina dawowa."

Farin Dutse bai kai kaka ba. Saboda rashin wuri na ajiye shi a gindin bango, ashe ruwan indararo yana fantsama a kansa. Kafin in lura gindin ya yi laushi. Na yanke ruɓaɓɓen da reza, na shafa toka, na sake masa yashi, na kai shi ɗakina kusa da taga. Kwana tara ya yi ya mutu. Na kira Mama a waya na faɗa mata. Sai ta ce, "Amma 'ya'yansa suna nan?" Na ce suna nan. Bakwai ne suka tsiro a gindin Ta Fadama, uku suka rayu.

Bara suka yi fure, a shekara ta shida. Dogaye ne kamar uwarsu, furen fari mai ɗan duhun malmo a maƙogwaro, da ɗan ƙamshi idan ka kai hanci. A lokacin hanya ta fara lafawa, sai ga Malam Ɗanjuma, gashinsa ya yi fari. Ya sunkuya ya karanta gwangwani, ya miƙe da sauri. "Farin Dutse? Wanda Mama ke hana ni taɓawa? Hajiya, duka ukun nake so. Wane suna aka sa musu?"

Shi ne mutum na farko da na faɗa wa labarin ƙudan. Ya saurara har na gama, sai ya yi dariya. "Haba Hajiya! Dubi farin nan fa. Wa ya gani? Ƙudan ne zai zo ya ba da shaida?"

Na ce Ruwan Hoda ma idan ta zama uba 'ya'yanta sukan fito da haske haka.

"To ni mai saye na yarda. Ki bar gwangwanin yadda yake."

Na ce shi ya yarda, amma wanda zai saya a hannunsa zai aurar da su, ya rubuta nasa gwangwanin a kan nawa, na bayansa ma haka. A Islamiyya an karantar da mu nauyin jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba. Na san a kan mutane ake magana, ba ciyawa ba. Amma hannun da ya yi wancan rubutu nawa ne. Ya girgiza kai ya ce ni da Mama ba a gane wadda ta koya wa wata taurin kai. Ya ɗauki Zanen Damisa biyu ya tafi.

Da na faɗa wa maigida, abu ɗaya ya ce: "Wannan ba maganar waya ba ce." Na yanko sabon gwangwani na rubuta, na cire tsohon. Na shiga motar Kaduna da tukunya ɗaya a cinya, na lulluɓe ta da mayafi saboda iska. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko jariri ne.

Na sami Mama a tsakar gidan ɗanta a Sabon Tasha, a kan kujerar roba, idon ya kusa tafiya duka. Da jin sallamata ta ce, "Amarya ce! Ku kawo mata ruwa, ku shimfiɗa mata tabarma ta yi sallarta." Bayan mun gaisa na ɗora mata tukunyar a cinya. Ta bi karan da yatsu daga ƙasa har sama. Ta shafa furen ɗaya-ɗaya. Ta sunkuya ta shaƙa, ta daɗe a sunkuye.

"Shi ne," ta ce. "Ƙamshinsa ne. Yakubu, ga 'ya'yanka."

Sai yatsunta suka sauka kan zaren, suka kai ga gwangwanin. Ta shafa shi gaba da baya. "Wannan sabo ne. Bakinsa ma da kaifi. Karanta min."

Na karanta. Ta Fadama, giciye, ba a sani ba.

Na faɗa mata duka, waken, baƙin Kutemeshi, ƙudan, ƙwaya huɗu, da biyun da na zaro. Ba ta katse ni ba. Jikarta ta kawo ruwa ta ajiye, ta ga yanayinmu ta koma.

"Da kin faɗa min ran nan," ta ce, "da mun gyara."

Na ce Mama, ai ba shi da sauran fure.

"Na ajiye ƙwaya biyu na furensa na tsakiya. A takarda, cikin Littafi Mai Tsarki. Sukan yi sati biyu ba su mutu ba. Ta Fadama kuma tana da fure takwas a gaba. Da kika ce an yi, sai na bar su, ban so in ɗora mata ciki biyu. Har suka bushe."

Na ce ta yafe min.

"Ke don Allah bari. Ni da na bar ki da wake a wuta." Ta sake kai hanci ga furen. "Hancina ya ce shi ne. Amma hanci ba ya rubutu a gwangwani. Bar shi yadda kika sa. Kada ki aurar da su, amma kada ki sayar, ki bar min wannan a nan." Ta gyara tukunyar a cinyarta. "Sunan kuma a ajiye shi. Bai lalace ba."

Sai ta ce a kawo takarda da fensir. Ta gyara zama, ta rufe idon da ba ya gani, ta fara. A bi ta Gayam, a wuce tsohuwar makarantar da iska ta yaye wa kwano. A bar hanyar shanu a hannun dama. Akwai kuka biyu da suka haɗa kai, a bi tsakaninsu a miƙe gabas. A tsallake rafi. Za a ga duwatsu uku, ba babban ba, na bayansa, mai tsaga a gefen da rana ke fitowa. A cikin tsagar yake, sama da tsayin mutum, inda gobara ba ta kaiwa. A je kafin ruwan farko da kamar sati, domin shi ba ya jiran kowa. Gindi ɗaya za a yanka, daga baya. Ta faɗi inda suka zauna suka ci abinci, da bishiyar da Yakubu ya jingina kekensa, na rubuta duka ko da yake na san keken ba ya nan.

Ɗanta da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Mama, wa zai shiga wannan dajin yanzu? Ko mafarauta ba sa kaiwa can."

Ta ce, "Na ce maka yau ne? Amarya, karanta min in ji."

Na karanta mata daga farko, a hankali. Tana gyaɗa kai, leɓenta na motsi tare da nawa. Da na kai wurin rafi sai ta ɗaga hannu.

"Rafi biyu ne. Na farkon ƙarami ne, da rani ba a ma lura da shi. Gyara, kada mutum ya tsaya a na farko ya ce babu."